Juya Kaɗan, Ya Wuce!

Mai karatu, idan ka taso a zamanin da ake kallon Samanja a talabijin mai baƙi da fari, ka san wannan kiran: "Juya! Juya! Ya wuce, dawo kaɗan! Yawwa, tsaya nan!" A gidanmu da ke Bichi ni ne mai juyawar. Tun ina ɗan shekara 12 aka ɗora mini aikin, don ba ni da nauyi, kwanon ɗaki ba ya lotsawa idan na taka.

Yayana ne ya koya mini kafa eriya. Tamu irin mai kama da ƙayar kifin nan ce. Ya nuna mini cewa ɓangaren gajerun sanduna shi ake saita wa tasha, dogon sanda yana baya. Eriya biyu muke da su a gora ɗaya: mai dogayen sanduna ta NTA Kano, mai gajeru ta CTV 67, wadda aka buɗe a 1982, yanzu ake kira ARTV. Tashoshin ba a zango ɗaya suke ba, shi ya sa kowace da tata. Sai tsawo. Idan darbejiyar maƙwabta ta tare gaban eriya, hoto zai ta yin dishi-dishi ko da ka sayo busta. Sannan mahaɗar waya, idan ba ka naɗe ta da kyau ba ruwa zai shiga ta yi tsatsa, ka yi ta dukan talabijin alhali ba laifinsa ba ne.

Amma abin da Yaya ya fi nanatawa shi ne ɗauri. Waya uku, ɓangare uku, kowace a ja ta ta yi tauri.

A daminar 1996 gara ta cinye gindin gorarmu, Baba ya sayo dogon bututun ƙarfe. Muka kafa, Yaya ya bar ni in ƙarasa ɗaurin. Na ɗaure biyu, sai na jiyo abokai suna kiran ƙwallo, na ce ta ukun sai gobe. Goben ba ta zo ba.

Daren 3 ga Agusta, Nijeriya da Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik. Tsakar gidanmu ya cika, har da waɗanda ba ma gaisawa da su. Ana cikin wasa iska ta taso, hoto ya ɗauke. Na miƙe zan hau, Yaya ya ce, "Zauna, kwanon ya jiƙe, ni zan hau." Yana kama bututun, ya karkata ta gefen da ban ɗaure ba, ya faɗa kan wayar wutar da ta shigo gidan. Ƙarar kawai muka ji, sai ga mutum a ƙasa.

Allah ya yi da sauran kwana. Muna asibiti muka ji gari ya kaure da ihu, wai Amuneke ya ci ta uku. Ni dai ban ga ƙwallon nan ba sai bayan shekaru. Yatsu biyu na hannun damansa har yau ba sa lanƙwasawa, ga shi tela ne. Baba ya ce iska ce, kowa ya ce iska ce, ni kuma na yi gum.

Don haka idan za ka kafa eriya, ka fara duba inda wayar wuta take, ka nisanta ta yadda ko sandar ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Kada ka hau ana hadari ko da dare, kome daɗin abin da ake nunawa. In ƙarfe ne, a haɗa masa waya zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa saboda tsawa. Zuwan dikoda irin su StarTimes da GOtv bai raba mu da hawa kwano ba. Bambancin kawai, yanzu hoto ba ya dishi-dishi, ko dai ya zo tas ko ya daskare.

Bara na je kafa wa Yaya irin wannan a sabon gidansa. Yana ƙasa yana duba ƙarfin sigina a allo yana ta "juya kaɗan". Da na sauko bai tambaye ni komai ba sai, "Ƙane, waya nawa ka ɗaure?"

Na ce, "Uku, Yaya."

Ya ɗan dube ni, ya ce, "Koma ka sake ja."