Lokacin da Ido Kaɗai Muke Kaiwa Filin Ƙwallo

A watan Agustan 2014 ne ƙungiyar Manchester United ta Ingila ta sanar da magoya bayanta cewa ba za a sake barin kowa ya shiga filinta na Old Trafford da kwamfutar cinya ko kwamfutar hannu irin su iPad ba. Har awo suka fitar: duk na'urar da ta wuce santimita 15 a tsawo da 10 a faɗi, a bar ta a gida. Wayar salula dai an yi mata afuwa, matuƙar ba ta zarce wannan awo ba. Dalilin da suka bayar shi ne tsaro. A lokacin filayen jiragen saman Birtaniya sun tsaurara bincike kan kayan lantarki, don gudun kada a ɓoye abin fashewa a cikinsu, su kuma masu filin da ke cin mutum fiye da 70,000 suka ga bai kamata su yi sake ba. An soma aiki da dokar a wasan sada zumunci da Valencia. Ranar Asabar da ta biyo baya kuwa Swansea ta zo har gida ta lallasa su da ci 2 da 1, a wasan farko na Louis van Gaal a gasar Firimiya. Wani abokina da ya tsufa a bayan United ya ce gata aka yi wa masu iPad, domin ran nan babu abin ɗauka.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wai me mutum zai je yi da kwamfuta a filin ƙwallo? Da na tambayi jikana sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai tsoho, an bar ka a tasha. Bidiyo ake ɗauka mana. Wasu kuma daga ofis suke zarcewa filin, jakarsu a rataye." Ya lalubo mini wani hoto a wayarsa. Mutane ne a jere, kowa ya ɗaga tasa sama da hannu biyu kamar almajirai sun ɗaga alluna malam zai duba rubutu, na bayansu suna ta leƙe ta ƙarƙashin hammata. Na daɗe ina duban hoton. Can sai na ji ƙamshin rake a hancina, alhali babu rake a ɗakin.

Kawuna ne ya fara kai ni kallon ƙwallo, a Kano, cikin shekarun 1970. Yana da keke Raleigh baƙi wanda ya fi ƙaunarsa a kan abincinsa. Da an idar da azahar zai ɗora ni a kariya, ya ce, "Ka buɗe ƙafa, kada waya ta cinye maka dunduniya." Mu fito ta Ƙofar Wambai, mu ratsa Fagge, mu doshi Sabon Gari. Tun daga nesa za ka san ranar wasa ce. Ga masu keke, ga masu Vespa, ga 'yan ƙafa rukuni-rukuni, kowa yana sauri yana gardama. Kawu yakan ba wa wani dattijo ajiyar keken a gindin bishiya, ba takarda ba lamba, a tashi wasa a tarar da shi yadda aka bar shi.

A bakin ƙofa abu ɗaya ake nema a wurinka, tikiti. Ba a laluba aljihu, ba a ce ka ɗaga riga. Mutum zai shiga da buta, da tabarmar salla, da laima, da ƙullin goro, har da sandar rake guda, babu mai ce masa kanzil. Ranar da Kawu ba ya gari, mu yara muna da namu dabarun. Sai ka tsaya ka ƙare wa masu shiga kallo, in ka ga mai fara'a ka matsa ka ce, "Baba, don Allah ka shiga da ni." Ya kama hannunka, ya ce wa mai ƙofa, "Ɗana ne." Akwai wani bawan Allah da na taɓa gani ya shiga da 'ya'ya har wajen shida, kuma babu biyun da suka yi kama. Mai ƙofar ya dube shi ya ce, "Alhaji, Allah Ya raya," ya kauce musu. In duk wannan bai yiwu ba, sai a jira saura ƙiris a tashi, lokacin da ake wangale ƙofa kowa ya shiga. A waɗannan 'yan mintuna mukan ga abin da za mu yi mako muna ba da labarinsa.

Ciki kuwa duniya ce guda. Ƙura ta gauraya da hayaƙin tsire da na taba. Masu gurasa suna barbaɗa ƙuli da yaji, 'yan mata da farantin dafaffiyar gyaɗa, mai lemo yana feraye shi da reza har ɓawon ya sauko zare guda bai tsinke ba. Mai rake yana sara, mu muna tsotsa muna tofar da ɓawo a ƙafar na gaba. A wani ɓangare masu kalangu sun riƙe wuta, a wani kuma mutanen Sabon Gari da kakakin bature da gangunansu, musamman ranar da Rangers ta Inugu ta zo. Da idona na ga Emmanuel Okala, golan Rangers. Da ya fito ya miƙa hannu sama, sai na ji Kawu ya yi salati a hankali ya ce, "Wannan ta ina za a bi a ci shi?" Lokacin Raccah Rovers ce tamu, kuma a 1978 ita ta ɗauki kofin gasar ƙasa, a zamanin da ake da su Shooting Stars ta Ibadan da Mighty Jets ta Jos da Bendel Insurance. Idan aka daɗe ba a ci ba, sai raɗe-raɗi ya zaga cewa golan baƙi ya binne wani abu a cikin raga. Kowa ya rantse ya gan shi yana tonawa.

Kada in cika baki, mu ma muna da na'urar da muke shiga da ita, wato rediyo. A kowane rukuni na 'yan kallo akwai mai rediyo, kuma shi ne sarkin wurin. Namu wani tela ne gajere, mai ƙaramar National a cikin rigar fata da ya ɗinka mata da kansa. Baturan Tiger Head ne, kuma tun da safe ya shanya su a rana, wai don su ƙara ƙarfi. Yakan manna ta a kunne, ya karkata eriya, idonsa kuma yana kan fili ko ƙiftawa ba ya yi. Lokaci-lokaci sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, an ci ƙungiyar Stores a Legas!" Nan take labarin ya bi layi daga baki zuwa baki har ƙarshen filin, kuma kafin ya kai can ci ɗaya ya zama uku. Idan rediyon ta soma shaƙewa ya ɗan mammare ta a cinya. Ba ta taɓa tare wa kowa gani ba, kuma ba a taɓa jin mai ita ya ce ƙwallo ta wuce shi ba.

Abin da yaran yanzu ba za su gane ba shi ne, a lokacin sau ɗaya tak ake cin ƙwallo. In ka sunkuya ɗaure takalmi, ko ka juya karɓar canjin mai gyaɗa, shi ke nan, ta wuce ka har abada. Shi ya sa muke kallo da dukan jikinmu. Wanda ya gani kuma ya zama mai dukiya, domin da daddare a teburin mai shayi shi za a kewaye. Zai tashi tsaye, ya ture benci, ya nuna yadda ɗan wasa ya yanke mutum biyu, ya kwantar da gola, ya tura ta kusurwa. Washegari mutanen da aka yanke sun zama huɗu. Bayan mako guda an ce daga tsakiyar fili ya buga. Babu mai ƙaryata wani, tunda babu hujja sai rantsuwa. A irin wannan ƙasa ce labarin nan ya tsiro, wai Indiya ta ci Nijeriya 99 da 1, ƙwallo tana rikiɗa ta zama zaki idan ta doshi golanmu. Ba a taɓa buga wannan wasa ba, amma na san dattawan da har suka koma ga Allah suna cewa yayansu ya je kallo.

Ko wasan ƙarshe na cin kofin Afirka na 1980, da Green Eagles ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, Segun Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ya ci ɗaya, yawancinmu a unguwa da kunne muka kalle shi. Masu talabijin ba su da yawa, kuma zauren mai ita ya cika tun kafin la'asar. Muka taru a kan rediyo. Mu da Turancinmu bai taka kara ya karya ba, daga hawa da saukar muryar mai sharhi muke gane inda ƙwallo take. Har yau ina iya zana ƙwallayen nan uku a kaina. Da na gan su a bidiyo bayan shekaru, sai na ga nawa sun fi kyau.

Zamani ya juya a hankali, ba mu ma lura ba. Raccah ta zama tarihi. A 1990 aka kafa Kano Pillars, "Sai Masu Gida" ya maye gurbin tsofaffin kirarai. Sai dish ya zo, gidajen kallo suka cika lunguna, yaran da ba su taɓa zuwa Zariya ba suka haddace sunayen unguwannin Landan da Manchester. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina yanzu ido ya yi rauni, kuma ina jin daɗin a maimaita mini ci a hankali daga kusurwa uku, in ga ko da gaske satar gida aka yi. Wanda ya yi shekaru yana zagin lafari a kan zato, in aka ba shi hujja ai sai ya gode. Sai dai hujjar ta kashe hirar mai shayi. Yanzu kana fara cewa mutum huɗu ya yanke, wani yaro zai zaro waya ya nuna maka biyu ne, ɗayan ma santsi ne ya kayar da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ya sa ba na yi wa dokar Old Trafford dariya har cikin zuciya. A shekarar 2014 ɗin, watanni biyu kacal kafin sanarwar tasu, bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana kallon wasan Brazil da Mexico na cin kofin duniya, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Mu nan mun riga mun san yadda ake tsayawa a layi a laluba ka kafin ka shiga kallon ƙwallo, ko kasuwa, ko ma masallacin Juma'a. Su ma Turawan tsoron bai bar su ba. A watan Mayun 2016 sai da aka kwashe mutane daga Old Trafford aka ɗage wasansu da Bournemouth, saboda an tsinci waya ɗaure da bututu a banɗaki. Daga baya aka gano bam ɗin bogi ne da masu atisayen tsaro suka manta. An yi dariya, amma irin dariyar da ake yi bayan gaba ya gama faɗuwa. Mai ƙofar da ya yi wa Alhaji addu'ar 'ya'ya shida, da yau yake aiki, da tuni an sallame shi.

Kwanakin baya jikan nan nawa ya ja ni filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ihun yana nan, masu rake ma suna nan, har na ji kamar in nemi kariyar keke in hau. Kusa da ni wani saurayi ya riƙe waya sama tun da aka take wasa. Aka ba Pillars bugun tazara a bakin da'ira, filin ya yi tsit. Daidai lokacin wayarsa ta ce masa ta cika, ya sunkuya yana goge hotuna. Fili ya kece da ihu. Ya ɗago a firgice ya ce, "Baba, wa ya ci? Yaya aka yi?" Na gyara zama na ba shi labari tiryan-tiryan. Na ɗan ƙara gishiri, don kada sana'ar ta mutu a hannuna.

Ashe ba tsofaffin Kano kaɗai ke jin haka ba. A watan da United ta kafa dokarta, magoya bayan PSV Eindhoven a ƙasar Holan sun ɗaga kyallaye a filinsu suna adawa da intanet ɗin kyauta da aka saka musu, suna cewa a bar latse-latse a mara wa ƙungiya baya. Su United tsaro ne ya sa su, amma ko ba su yi niyya ba sun yi wa na layin baya adalci, sun kuma mayar wa mai kwamfutar da idonsa.

Ba na ce a koma zamanin batir a rana ba, kowa da lokacinsa. Roƙona dai ga matasa ɗaya ne. In Allah Ya kai ka fili, ka yi hotonka kafin a take wasa, ka tura wa wanda za ka tura wa, sannan ka mayar da wayar aljihu. Bidiyon cin zai riga ka isa gida, wasu sun ɗauka da kayan da suka fi naka. Kai dai ka kalla da idonka, domin wata rana jikanka zai tambaye ka, kuma labarin bakinka zai so ji.