Tsohon gidan da ya ƙi rushewa a Badafi

Da hantsi muka isa Badafi, a ƙaramar hukumar Kiru, rana ta fara dukan ƙeya. Muna sa ƙafa a zauren gidan da muka zo gani sai muka ji sanyi kamar mun leƙa randa. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin soro da azara. Dattijon gidan ya ce 'ya'yansa sun so a rushe a yi na bulo, shi kuwa ya ce a gyara.

"Baba, me ya sa?" muka tambaya.

"Ku shiga ɗakin kwanon can na baya, yarana, ku dawo ku ba ni labari."

Ba mu yi minti biyu a ciki ba muka fito muna gumi. Katangar ƙasa tana shan zafi a hankali da rana, sai dare ta sake shi. Maƙiyinta ɗaya ne, ruwa. A da indararo na zuba a gindin katanga yana cinye ta. Yanzu an haɗa shi da bututu zuwa gindin zogale da gwanda.

Ɗakin kwanon ma ya yi rana, don ruwan rufinsa ake tarawa a tanki. Ku ɗauko biro: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 40, in aka yi ruwa milimita 20, ya ba da lita 800, wato jarka 32 masu cin lita 25. Ruwan farko dai ana bari ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, tana nan Bebeji maƙwabta, amma ba ta kawo wa gidan nan ko bokiti.

Farantin sola ɗaya ke ba da fitila da cajin waya. Murhun laka mai tsimin itace ya fi burge mu, don kowane damin da aka rage sauƙi ne ga dazuzzuka irin na Falgore a Doguwa da Tudun Wada.

Toka da kashin awaki rami suke shiga su zama taki. Leda ce ta gagara. Mun ganta tare a bayan gida, Baba ya kalle ta ya girgiza kai.