Zango Huɗu Zuwa Hubbare

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi daga Degel da jama'arsa, bayan al'amura sun ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa, suka nufi Gudu. Kowane ɗan Sakkwato ya san wannan tun yana firamare. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne wuraren da aka yada zango a tsakani: Kwaren Gezo, Demba, Kalmalo, Farkaji, Ruwawuri, sannan Gudu. Akwai tsofaffi a cikin ayarin, akwai mata da goyo, akwai littattafan Shehu a bayan raƙuma. Nana Asma'u tana ciki, shekarunta ba su wuce goma ko sha ɗaya ba, kuma daga baya ta bi sawun tafiye-tafiyen mahaifinta a Waƙar Gewaye.

Tun da na ga sunayen nan a jere nake son in taka hanyar da ƙafata, ni kaɗai, cikin hutun ƙarshen shekara. Sana'ata rubuta manhaja ce. Wuni nake a kan kujera ina gyara abin da ba a taɓawa da hannu, kuma tafiyata mafi nisa a rana ita ce daga ɗaki zuwa masallacin unguwa. A mota, tarihin jihadi gaba ɗaya ba ya wuce tafiyar yini guda: ka karya kumallo a Sakkwato, ka yi azahar a Gwadabawa, ka dawo kafin magariba. Ni kuwa so nake in san nisan da jikina, in ji abin da kwana huɗu a ƙafa ke yi wa mutum.

A wasu ƙasashe irin wannan tafiya ta zama abin da ake shiryawa cikin sati guda. A Sifaniya akwai tsohuwar hanyar ziyara ta Kiristoci da ke ƙarewa a birnin Santiyago. Reshenta mafi shahara yana farawa daga gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, kusan kilomita 800. An zana kibiyoyi ruwan ɗorawa a jikin bango da duwatsu, akwai masaukai masu araha kusan a kowane ƙauye, kuma matafiyi yana riƙe da ɗan littafi da ake buga masa hatimi duk inda ya kwana. Wanda ya taka kilomita 100 na ƙarshe ana ba shi takardar shaida. Ba ya bukatar ja-gora, hanyar ce ke ja masa gora. Na daɗe ina kallon taswirarsu ina jin wani abu mai kama da kishi, domin mu ma muna da hanya, har da waƙar da ta bi ta.

Sai dai hanyar Degel zuwa Gudu a rufe take, ko da yake babu wanda ya sa mata ƙofa. A watan Nuwamba na 2024 rundunar soja ta fito fili ta ambaci sunan Lakurawa, 'yan bindigar da mutanen Gudu da Tangaza suka daɗe suna kuka da su, kuma rabin hanyar nan ta cikin ƙasarsu ta ratsa. Wurin da jama'ar Shehu suka gudu suka sami mafaka, yau daga can ake gudowa. Na ajiye fayil ɗin wannan hanya a kwamfuta, ban goge ba, na sa masa suna "in Allah ya kawo lafiya".

Na juya kudu. Bayan Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto, jama'a sun yi ta yawo har suka zauna a Gwandu a 1805. Wajen 1810 Shehu ya koma Sifawa, kusa da Bodinga, inda ya yi shekaru yana karantarwa da rubutu. A 1815 ya ƙaraso Sakkwato, garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809, a nan ya rasu a watan Afrilu na 1817, a nan kuma Hubbarensa yake. Wato Gwandu, Sifawa, Sakkwato su ne gidajensa uku na ƙarshe. Idan aka bi ta Yabo, garin Moyijo, tafiyar ta kusa kilomita 100. Na raba ta zango huɗu: biyu daga Gwandu zuwa Yabo, ɗaya zuwa Sifawa, ɗaya zuwa Hubbare.

Lissafin bai ba ni wahala ba. Mai lafiya da jaka a baya yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, don haka kowane zango awa shida ne, in an haɗa da hutu bakwai. A tashi bayan sallar asuba, a nemi inuwa kafin rana ta take, a ƙarasa bayan la'asar. Watan Disamba na zaɓa, lokacin hunturu, domin wanda ya ce zai yi wannan a watan Afrilu a ƙasar Sakkwato ba ziyara ya nufa ba. Na sauke taswirar da ke aiki ko babu intanet, na bi hoton tauraron ɗan'adam ina zana turbobin ƙafa da na amalanke da Google Maps bai san da su ba, na tura wasunsu cikin OpenStreetMap don wani ya amfana. Fawa banki biyu, kambas da na fara takawa tun yanzu don gudun bororo, man kaɗanya saboda faso, dabino da ƙuli-ƙuli, gorar ruwa mai cin lita uku. Fura kuwa, a ƙasar nan ba a ɗaukar mata guzuri.

Har na tambayi malaminmu batun sallah. Ya ce a mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, wato wajen kilomita 80, kuma malaman da suka auna shi da tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya suka auna. Na sha yin ƙasaru a cikin mota mai sanyi ina jin kamar na ci bulus. Wannan karon zan san dalilin sauƙin. Wani abokin aikina kuma ya tare ni da cewa ba a ɗaura niyyar tafiya don kabari. Na ce masa wannan muhawara ta girme mu duka, malamai na nan suna yinta, ni dai zan je in yi sallama, in yi addu'a, in ga ƙasa.

Jadawalin da na tsara yana da gurbin nisa, da na ruwa, da na inda sabis ɗin waya yake ɗaukewa. Duk na cike su daga kan kujerata. Gurbi ɗaya ne ya ƙi cikuwa, wanda na rubuta wa "wa zai karɓe ni".

A nan ne labarin kakata ya shigo. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Yabo, kuma tana budurwar aure ta sha bin ayarin mata zuwa Hubbare bayan an gama girbi, a ƙafa, bayan wata jaji mai malfa. Wannan tsari na 'yan taru Nana Asma'u ce ta kafa shi, don matan karkara su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma ya daɗe bayan rasuwarta a 1864. Innata ta haddace yadda kakar ke ba da labarin hanyar, kuma babu kilomita ko ɗaya a ciki. Daga gida sai rijiya mai tsamiya. Daga nan sai gidan wata gwaggo da ke dama musu fura. Sai gidan liman, inda ake ba su ɗakin uwargida su kwana. Sai gidan wata da suka haɗu da ita a Hubbare shekarar da ta gabata, suka ƙulla ƙawance. Hanyarta jerin mutane ce. Su ma fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, suna da madugu da jagaba, amma abin da ya riƙe fataucin shi ne a kowane gari akwai mai masauki da ya san su, wanda zai tsaya musu idan magana ta taso.

Da na nuna wa Inna taswirar a waya, ba ta ko kalle ta ba. "Wanga abu ya san ka?" ta ce. "In ka shiga garin mutane da magariba, da jaka a baya, kana latsa waya, mi za su ce kai ne?"

Na san amsar. Infoma za su ce. Ƙauyukan da suka ga abin da ya sami maƙwabtansu ba su da laifi idan suka tsare baƙon da ke auna hanyoyinsu da waya, kuma 'yan sa-kai ba su cika jiran dogon bayani ba. Wannan ne haɗarin da ya fi kusa da ni, ya ma fi na 'yan bindigar kusa. A da, baƙo mai tafiyar ƙafa alamar malami ce ko almajiri, ana rige-rigen kai masa akushi. Yanzu wanda ya zo a mota ya fi shi samun amana, don an san yana da inda ya fito.

Saboda haka shirin ya sauya fasali. Wata biyu ke nan aikina na dare ba zane a taswira ba ne, kiran waya ne. Kawuna ya haɗa ni da wani malamin makaranta a Bodinga, shi kuma ya kai sunana ga wani dattijo a Sifawa, wanda ya ce ɗakin zaurensa nawa ne, da sharaɗin in iso kafin magariba. A Yabo dangin kakata suna nan, jikokin ƙaninta, waɗanda rabona da su tun sunan wani yaro shekara tara da suka wuce. Na kira ina jin kunya, suka karɓa kamar jiya muka rabu, har suka yi mini faɗa a kan me ya sa sai yanzu. An shawarce ni in nemi takarda daga uban ƙasa mai ɗauke da sunana da dalilin tafiyata, na rubuta buƙatar da hannu na kai. Kowane mai masauki zai kira na gaba idan na tashi, ya faɗi irin rigar da na sa. Kuma mun yi da Inna cewa idan ɗaya daga cikinsu ya ce kada in taso, ko ana gobe tafiya ne, na fasa, ba gardama. Ƙasar Yabo ma ba ta rasa nata labarin ba a 'yan shekarun nan, kuma wanda ke kwana a wurin ya fi wayata sanin halin da ake ciki.

Abokaina suna tsokanata cewa tafiyar "ni kaɗai" ta tara mutum goma sha. Haka ne. Waya da kambas nawa ne, sauran duk aro ne.

Zango na farko ne ya rage. Tsakanin Gwandu da Yabo dole in kwana a wani ƙauye, kuma a cikin ƙauyuka uku da suka faɗo daidai rabin hanya ba ni da kowa. Malamin Bodinga ya ce matar ƙaninsa 'yar can wajen ce, zai tambaye ta ranar Juma'a idan sun haɗu a gidan suna. Na riga na nemi hutu a wurin aiki daga 20 ga Disamba. Kowace safiya ina tashi daga unguwarmu in taka har gadar kogin Rima in dawo da jakar a baya, cike da littattafai don nauyi, kuma masu shayin hanyar sun daina tambayata ko lafiya.