Karen Talla da Karen Gida

A gidanmu maganar kare ta taso ne daga akwatin talabijin. Wata ranar Asabar da yamma muna zaune da yara, sai aka sa tallar abincin karnuka. Ga ɗan kwikwiyo mai gashi kamar auduga yana gudu a kan ciyawa, ga wata yarinya tana zuba masa abinci daga buhu mai ƙyalli. Tun daga ranar ba mu sake hutawa ba. Da safe, "Baba, kwikwiyo." Da dare, "Mama, ki roƙa mana Baba." Mu da muke koya wa 'ya'yan mutane haƙuri a makaranta, namu suka fi ƙarfinmu.

Bayan mako biyu, muna dawowa daga kasuwa, muka tarar da wani saurayi a bakin hanya da 'yan kwikwiyo huɗu cikin kwali. Ya ce jinin Turai ne, an kuma yi musu allura. Ba mu nemi takarda ba, ba mu tambayi inda uwarsu take ba. Muka taya, ya sallama. Muka biya kanti muka sayi ƙaramin buhun abinci irin na tallar, kuɗinsa kuwa ya kusa na kwikwiyon kansa.

Ashe an raba shi da nono tun lokaci bai yi ba, gama bai wuce mako biyar ko shida ba. Dare farai kuka yake yi. Ran kwana huɗu ya ciji autarmu a yatsa cikin wasa, jini ya ɗan fito, muka goge muka manta. Ran kwana bakwai ya fara amai da zawo mai jini. Ran kwana tara ya mutu, yara suka binne shi bayan gida suna kuka.

Da muka kai labari wurin likitan dabbobi, ya ce alamun sun yi kama da wata cutar hanji mai kashe 'yan kwikwiyo, wadda suke kira farbo. Sa'an nan ya yi mana tambayar da ta sa jikinmu ya yi sanyi: "Malam, ya ciji wani kafin ya mutu?" Da muka faɗa masa, ya ce mu kai yarinyar asibiti ranar nan. Tun da ba a san asalin karen ba, ya kuma mutu kwanaki kaɗan bayan cizon, ba wanda zai iya ba da tabbaci cewa ba ya ɗauke da ciwon haukan kare. Haka muka yi ta kai yarinya ana yi mata allura ɗaya bayan ɗaya. Ta tsira lafiya, amma barcin makonnin nan ba mu san daɗinsa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

'Yan'uwa, wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta wurin cizon kare, huɗu cikin goma kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma rigakafinsa ya daɗe da samuwa, gama tun 1885 Luwi Fasta ya fara yin allurarsa a Faransa. A nan ƙasarmu ma akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti nan da nan.

Yara suka so mu sake sayen wani, amma likita ya gargaɗe mu cewa ƙwayar farbo takan daɗe da rai cikin ƙasa watanni da yawa. Muka jira shekara guda. Cikin wannan lokaci muka zauna da yara muka yi lissafi. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Wa zai ba shi abinci da ruwa kullum? Wa zai kwashe kashinsa? In mun tafi ƙauye hutun Kirsimati, wa zai lura da shi? Kuɗin allura daga ina? Sai da kowace tambaya ta sami mai ɗaukarta muka ce to.

Wani dattijo a unguwarmu yana da karya irin tamu ta gida, ta haihu. Muka je muka ga uwar da idonmu, lafiyayya, ba ta da faɗa, muka ga katin allurarta. Yara suka so ɗauka ran nan, dattijon ya ce, "A'a, jikokina, sai ya cika mako takwas. Nonon uwarsa shi ne maganinsa na fari, a wurin 'yan'uwansa kuma yake koyon rage cizo." Da lokaci ya yi muka kawo shi, aka ba shi maganin tsutsa, aka fara allurar farbo, da ya cika wata uku aka yi masa ta haukan kare. Yara suka sa masa suna Zaki. A wasu ƙasashe irin wannan hanya ta zama doka. A Ingila, tun 2020, an hana 'yan kasuwa sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mutum ya je wurin mai kiwon da kansa, ko gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su.

Abincin buhu fa? Ba mu ce mugun abu ba ne. Tun wajen 1860 aka fara sayar da biskitin karnuka a Landan, mai kyau a cikinsa kuma yana ɗauke da abin da jikin kare yake bukata. Mai hali ya saya. Amma mai talla aikinsa shi ne ya sayar da buhu. Ba zai nuna kare yana amai ba, ba zai nuna layin asibiti ba. Zaki yana cin tuwo da wake da kifi da ƙwai da guntun nama, bisa ga shawarar likita. Ba ma ba shi albasa, ko tafarnuwa, ko cakulan, ko ƙashin kaza dafaffe, domin suna cutar da kare.

Yau Zaki yana kwance a ƙofar gida, jan kare ne mai tsayayyun kunnuwa, ko kaɗan bai yi kama da na talabijin ba. Har yanzu akan sa tallar, autarmu kuwa takan dube shi ta ce, "Baba, namu ya fi." Iyaye, in yaranku suka fara irin wannan roƙo, kada ku yi gaggawa kamar mu. Ku ga uwar, ku jira mako takwas, ku nemi katin allura. Rigakafi ya fi magani.