Kwana Tara A Hanyar Gangirwal

Tun ina ɗalibi nake marmarin hawan Chappal Waddi, dutsen da ake kira Gangirwal. Shi ne mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991. Da aka ba da hutun makaranta a watan Disamba, sai muka shirya mu uku, dukanmu malamai, za mu yi kwana tara a ƙafa.

Na yi tsammani nauyin jaka ne zai fi damuna. Ashe ba haka ba ne.

Daren da zan tashi, uwargida ta soya mini gyaɗa, ta ɗaura garin rogo. Ba ta hana ni ba, amma ta ce, "Malam, idan zazzabin auta ya dawo, ina zan same ka?" Na rasa amsa, gama na san waya ba ta aiki a can. Da asuba muka yi addu'a tare. Na nuna wa yara ranar dawowata a kalanda, suka yarda. Amma karenmu Duna, wa zai nuna masa kalanda? Ya bi ni har bakin titi, sai da babban ɗana ya sa masa igiya ya ja shi gida, yana kuka.

Daga Jalingo mota ta kai mu Bali, sa'an nan Serti, inda muka sami ma'aikacin gandun dajin da zai yi mana jagora. Daga ƙauyen Gashaka kuwa sai ƙafa. Muka haye rafuffuka masu sanyi, muka ratsa kurmi inda birai masu baƙi da fari suke tsalle a bisa itatuwa. Da muka hau tudu, sai ciyawa iyakar ganin ido, da iska mai shiga ƙashi.

A rana ta huɗu muka kwana kusa da rugar Fulani. Suka ba mu nono. Cikin dare karensu ya yi haushi, na farka ina kiran Duna. Barci bai sake ɗaukata ba. A nan ne na gane cewa ni na zaɓi wahalata, ina kuma jin daɗinta, amma wadda na bari a gida ba ta zaɓi tata ba. Ɗebo ruwa, kai yara asibiti, kulle ƙofa da dare, duk sun koma kanta.

Mun kai ƙwanƙolin dutsen da hantsi, gajimare yana ƙarƙashinmu, ƙasar Kamaru tana gabanmu. Na yi murna, amma na so a ce suna nan.

Da na dawo, na tarar auta ya kwana biyu a asibiti, ya kuwa warke. Duna ya ƙi abinci kwana uku, kullum yana kwance a ƙofar gida.

Ya mai karatu, ban ce kada ka yi tafiya ba. Amma kafin ka ɗaure jaka, ka nemi yardar iyalinka da gaske, ka bar kuɗin magani, ka roƙi maƙwabci ya riƙa leƙa su. In ka dawo kuma, ka fara jin labarinsu kafin ka ba da naka.