Shekarar da Jim Abbott ya sha kashi sau 18

A wasan besbol na Amurka, mai jifa hannu biyu yake buƙata: ɗaya na wurga ƙwallo, ɗayan sanye da ƙatuwar safar fata don cafe ta idan an bugo masa. Jim Abbott, da aka haifa a garin Flint na jihar Michigan a 1967, hannun hagu kaɗai gare shi, na dama dungu ne. Sai ya riƙa ɗora safar a kan dungun ya yi jifa da hagu, kafin ƙwallon ta isa ga mai bugu ya zura hannun cikin safar. Tun yana yaro ya koyi wannan, yana jifan bango yana cafewa, yana ƙara matsowa kusa.

Ɗana na biyu an haife shi ba yatsu a hannun dama, shi ya sa labarin mutumin nan ya tsaya mini a rai, duk da ban taɓa kallon wasan besbol daga farko har ƙarshe ba.

Masu ba da labarinsa sun fi son tsayawa kan nasarori. Ya ci zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu. A 1989 ƙungiyar California Angels ta sa shi a babban rukuni kai tsaye, bai bi ta ƙananan rukunai ba kamar yawancin 'yan wasa. Ranar 4 ga Satumba 1993, yana New York Yankees, ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshensa, babu ɗan Cleveland ko ɗaya da ya samu bugu mai ƙirguwa. Gwanaye da yawa masu hannu biyu sun yi ritaya ba su taɓa yin haka ba.

Ni kuwa, 'yan'uwa, shekarar 1996 ce ta fi burge ni. A kakar nan ya ci wasa 2, aka cinye shi 18. Ƙarfin jifansa ya ragu, aka mayar da shi ƙaramin rukuni, daga baya ƙungiyar ta sallame shi. Ba wanda ya ce a bar shi don Allah, ai nakasasshe ne. Ma'aunin da ake auna kowa da shi aka auna shi, aikinsa bai yi ba, aka ajiye shi gefe.

Wannan ma'aunin ne ake hana 'ya'yanmu. Idan ɗana ya fasa kofi, kafin in buɗe baki goggonsa ta ce, "Haba Yaya, ƙyale shi mana, ba kya ganin hannunsa?" Yayansa kuwa da ya fasa, faɗa zai sha. A makaranta an taɓa cire shi daga jerin masu shara ba tare da an tambaye shi ba. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Su a ganinsu tausayi ne. Yaron kuwa abin da ya fahimta shi ne ba a sa ran komai daga gare shi, har ma ba a ganin ya isa ya yi laifi. Sai da na je na roƙi malamar ta mayar masa da tsintsiyarsa, kuma ta yi masa faɗa idan bai share da kyau ba. Kallon da ta yi mini kamar ni ce marar imani.

Abbott bai buga ko wasa ɗaya ba a 1997. Ya dawo a 1998 da Chicago White Sox, ya ci wasanni biyar a jere, sannan ya rufe da Milwaukee a 1999, inda dokar rukuninsu ta sa mai jifa ma ya ɗauki sanda ya yi bugu. Da hannu ɗaya da dungu ya samu bugu mai ƙirguwa sau biyu. A ƙarshe lissafinsa nasara 87 ne, kashi 108.