Lissafin Sauro a Briketeri

A shekara ta 1911 wani likita Baturen Ingila, Ronald Ross, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba kafin zazzaɓi ya gushe. In yawansu ya faɗi ƙasa da wani adadi, cutar za ta mutu da kanta.

Wata 'yar mai tsire daga Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde, ta gamu da wannan lissafi a shekararta ta uku a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, can Ngoa-Ekelle. Ba kasafai 'yan matan unguwarsu suke kaiwa sashen lissafi ba. Malaminta ya ce ta zuba shi a kwamfuta, ta ga yawan zazzaɓin da gidan sauro zai rage.

Lissafin da aka ba ta ya ɗauka kowa yana kwance cikin gidan sauro da dare. Ita kuwa ta san mahaifinta da yaransa suna gaban tukuba har tsakar dare, daidai sa'ad da sauron nan yake cizo. Wanda bai zauna a unguwar ba, da wuya ya tuna da su. Sai ta kasa mutane kashi biyu, masu barci da masu aikin dare, ta sake lissafi. Zazzaɓin ya ƙi sauka kamar da fari.

Malamin ya tambaye ta masu aikin daren su nawa ne. Ranar Asabar bayan magariba ta ɗauki littafi, ƙanenta yana biye, suka soma ƙirga tukuba.